Babi na Uku: Hajiya Gambo Sawaba da Neman wa Mace Kujera a Majalisar Gari

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda mulkin En'e ya kasance a ƙasar Sakkwato, tun daga majalisar Sarkin Musulmi har zuwa hakimai da dagatai da masu unguwanni. A wannan babi za a dubi rayuwar mace ɗaya, wato Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, domin a ga irin wuyar da aka sha kafin mace a Arewa ta sami damar jefa ƙuri'a, balle ta zauna a majalisar gari a matsayin kansila. Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa mutuniyar Zazzau da nazarin da ya shafi Giyawa da Wurno da Rabah da Goronyo. Amsar ita ce, dokar da ta hana matan Sabon Garin Zariya zaɓe ita ce ta hana matan waɗannan garuruwa, kuma mutumin da aka kai wa kuka a kan dokar, wato Firimiyan Jihar Arewa Alhaji Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, haifaffen Rabah ne, ya kuma yi hakimcinta daga shekarar 1934.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a fayyace kalmar kansila, domin ma'anarta ta sauya. A zamanin En'e kansila babban ma'aikaci ne da ake naɗawa a majalisar sarki, a ɗora masa wani sashe kamar ilmi ko ayyuka ko 'yan doka. A yau kuwa kansila shi ne wanda mutanen mazaɓa suka zaɓa ya wakilce su a majalisar ƙaramar hukuma. Ma'ana ta biyu ce ta shafi wannan babi.

3.1 Matan da Suka Riga Shiga Majalisa a Wasu Wurare

Tun a shekarar 1938 aka zaɓi Constance Cummings-John a majalisar birnin Firitawun ta ƙasar Saliyo, tana da shekara 20 a duniya, daga baya ma ta zama magajiyar garin a 1966. A nan Nijeriya, matan Abekuta ƙarƙashin jagorancin Funmilayo Ransome-Kuti sun yi ta zanga-zanga a kan harajin da ake karɓa daga mata, har sai da sarkin Egba, Alake Ademola, ya sauka daga mulki na ɗan lokaci a farkon 1949, aka kuma ba mata kujeru a majalisar riƙon ƙwarya ta ƙasar. A Ikko an ba kowane baligi, mace da namiji, damar zaɓen majalisar gari a 1950. Jihar Gabas ta bi baya a 1954, inda Margaret Ekpo ta yi fice a garin Aba, ta kuma shiga majalisar dokokin jihar a 1961.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Nijar. A watan Yunin 1956 Faransa ta yi dokar da ta ba dukkan baligai a ƙasashen da take mulka damar zaɓe. Ke nan Bahaushiyar Maraɗi ko ta Birnin Ƙonni ta sami ƙuri'a shekara 20 kafin 'yar'uwarta ta Goronyo, alhali harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, suna auratayya, kuma ruwan Gulbin Maraɗi ne yake gangarowa ya haɗu da na Rima. Wannan ya nuna cewa abin da ya raba su shi ne irin hukumar da kowacce ta faɗa hannunta.

3.2 Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Hajaratu Gambo ranar 15 ga Fabrairu, 1933. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne, wanda aikin safiyo a hukumar jirgin ƙasa ya kawo shi Zariya, ya musulunta ya zauna. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce. An kira ta Gambo bisa al'adar Hausawa, saboda ita ce ta biyo bayan tagwaye. Ta yi karatun firamare a makarantar En'e ta Tudun Wadar Zariya, amma karatun bai yi nisa ba, domin mahaifinta ya rasu a 1943, mahaifiyarta kuma ta bi shi bayan kamar shekara uku. Aka yi mata aure tana da shekara 13, mijin kuwa tsohon soja ne da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Auren bai ɗore ba.

Akwai abubuwa biyu a nan da za su taimaka wajen fahimtar abin da ya biyo baya. Na farko, maraici da yankewar karatu da auren wuri duk ta ɗanɗana su da kanta, saboda haka lokacin da ta hau dandamali tana magana a kansu, labarin kanta take bayarwa. Na biyu shi ne unguwar da ta tashi. Sabon Garin Zariya gari ne da jirgin ƙasa ya haifa, ya tara Yarabawa da Ibo da Nufawa da Hausawa 'yan ci-rani da ma'aikatan reluwe. Jaridun Kudu suna zuwa can, haka labarin ƙungiyoyin ƙwadago da na jam'iyyu. Yarinyar da ta tashi a irin wannan wuri tana ganin mata suna saye da sayarwa a kasuwa, suna jayayya da masu karɓar kuɗin rumfa. Da a cikin ganuwar birnin Zazzau ta tashi, a gidan kulle, da wuya a ce za ta zama abin da ta zama.

3.3 Shigarta Jam'iyyar NEPU

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Jam'iyyar ta ɗauki kanta a matsayin ta talakawa, ta sa wa En'e ƙahon zuƙa a kan haraji da jangali da aikin tilas da shari'ar son rai. Tana kuma cikin jam'iyyun da suka fito fili suka ce a ba mata ƙuri'a da ilmi. Gambo ta shiga wannan jam'iyya tana da shekara 17, ba a daɗe ba aka zaɓe ta shugabar mata ta reshen Sabon Gari.

Game da laƙabin Sawaba akwai ruwaya biyu. Wasu sun ce Malam Aminu ne ya kira ta Sawabiya. Wasu kuma sun ce a wani taron lacca a Zariya ne ta miƙe ta yi magana a lokacin da maza suka yi shiru don tsoro, sai wani jigon jam'iyyar mai suna Alhaji Gambo Sawaba ya ba ta laƙabin. Ko wacce aka ɗauka, kalmar sawaba ita ce taken NEPU, kuma tana nufin samun sauƙi bayan ƙunci. Ita ce dai kalmar da Jibo Bakari ya sa wa jam'iyyarsa a Nijar.

A waɗannan shekaru ne ta yi tattaki zuwa Abekuta domin ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti. A ra'ayin mai wannan nazari, wannan tafiya tana da muhimmanci fiye da yadda akan ba ta a rubuce-rubuce. A Abekuta ta tarar da matan kasuwa, da yawansu ba su yi boko ba kamar yadda ita ma ba ta yi nisa ba, waɗanda suka haɗa kai suka sa aka soke haraji, suka kuma sami wakilci a majalisar ƙasarsu. Wato ta gani da idonta cewa zaman mace a majalisa abu ne da ya riga ya faru a cikin Nijeriya.

3.4 Ɗauri da Duka

Domin a gane dalilin yawan ɗaurin da ta sha, sai an tuna da yadda En'e take. Ita ke ba da izinin yin lacca. 'Yan doka nata ne, kotunan alƙalai nata ne, gidan yari ma nata ne. Manyan ma'aikatan En'e kuwa akasarinsu 'yan jam'iyyar NPC ne mai mulki. Saboda haka ɗan adawa yakan nemi izini a hannun abokin hamayyarsa, in an hana shi ya yi taro sai yaran abokin hamayyar su kama shi, a kai shi gaban alƙalin da abokin hamayyar ke biya albashi. Hausawa na cewa ba a shari'a da mai gari a garinsa.

A farkon shekarun 1950 jam'iyya ta tura Gambo Kano don ta jawo mata. Ta riƙa shiga gida-gida tana zantawa da matan kulle, abin da ɗan siyasa namiji ba zai iya ba. Wannan ya tayar wa hukuma hankali. Aka kama ta, aka gurfanar da ita gaban alƙali, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga Kano. A 1953 an kama ta tare da mata kusan 200 bisa laifin yin taro ba da izini ba. Marubuta tarihinta, ciki har da Rima Shawulu wanda ya wallafa littafi a kanta a 1990, sun nuna cewa an ɗaure ta har sau 16 a rayuwarta. An ruwaito cewa an taɓa aske mata kai da fasasshiyar kwalba, wasu 'yan banga kuma sun taɓa yi mata dukan kawo wuƙa suka yar da ita a daji suna zaton ta mutu. An ce har bargo take ajiyewa a shirye saboda ta san ko yaushe za a iya zuwa a tafi da ita.

Wani makamin da aka yi amfani da shi a kanta, wanda a ganin mai wannan nazari ya fi ɗauri illa, shi ne ɓata suna. A wancan zamani matar aure ta gidan mutunci ba ta fita taro. Matan da suke cika rassan mata na jam'iyyu, na NEPU da na NPC baki ɗaya, galibinsu zawarawa ne da 'yan kasuwa da mata masu zaman kansu. Sai ya zama da sauƙi a yi wa duk macen da ta hau dandamali kuɗin goro a kira ta karuwa. Da zarar an yi haka, magidanci ba zai bar matarsa ko 'yarsa ta saurare ta ba, ko da gaskiya take faɗa. Wannan tabo bai gama gogewa ba. Har yanzu a garuruwanmu, macen da ta nuna sha'awar takarar kansila takan fara fuskantar tambaya a kan aurenta kafin a tambaye ta abin da za ta yi wa mazaɓa.

3.5 Zuwa Wurin Firimiya

A shekarar 1956 Gambo ta jagoranci wasu mata zuwa ofishin Firimiya a Kaduna, suka nemi a ba matan Arewa damar zaɓe. An saurare su, amma ba a canza doka ba. Da aka zo zaɓen tarayya na Disambar 1959, wanda ya share fagen samun mulkin kai, mata sun yi zaɓe a Gabas da Yamma da Ikko, a Arewa kuwa maza kaɗai suka yi. NPC ta sami kujeru 134 daga cikin 312 na majalisar wakilai, NEPU ta sami 8. Wani abin lura shi ne, an raba kujerun ne bisa yawan jama'a, kuma a cikin jama'ar da aka ƙidaya har da mata. Wato an ƙidaya su wajen rabon kujeru, aka tsallake su wajen zaɓen waɗanda za su hau.

Adalci ne a kawo hujjar ɗaya ɓangaren. Sardauna ya taɓo wannan batu a littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1962, inda ya nuna cewa abin ya saɓa wa al'ada da ra'ayin mafi yawan mutanen jihar a lokacin, kuma lokacinsa zai zo. Shugabannin NPC suna ganin cewa fitar da matan kulle zuwa layin zaɓe zai jawo fushin malamai da magidanta, ga kuma ƙarancin ilmin boko a tsakanin mata. Akwai kuma lissafin siyasa: idan matan Musulmi suka zauna a gida ranar zaɓe, matan sabon gari da na yankunan da ba Musulmi ba suka fito, to 'yan adawa ne za su ci riba. Ba za a ce waɗannan dalilai ba su da tushe ba, kuma babu mai musun irin aikin da gwamnatin Sardauna ta yi wajen gina makarantu, har da na 'yan mata.

Sai dai hujjar al'ada tana da rauni idan aka auna ta da tarihin ƙasar da shi kansa Firimiya ya fito. Wurno, inda kabarin kakan mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, tana cikin wuraren da Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864) ta zauna ta yi aiki. Ita ce ta kafa tsarin 'yan taru, inda ake naɗa wa wata dattijuwa malfa a kira ta jaji, ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa wurin Nana su ɗauki karatu, su koma su koyar, su kuma kula da marasa lafiya da marayu. Gaskiya ne jaji ba kansila ba ce, ba a zaɓe ta da ƙuri'a ba, kuma aikinta na addini ne. Amma tsarin ya tabbatar da cewa ƙasar Sakkwato ta san mace mai wakiltar matan garinsu, mai tafiya daga gari zuwa gari saboda amfanin jama'a, tun fiye da shekara ɗari kafin a kafa NPC. Abin da ya zo sabo a 1956 shi ne akwatin zaɓe, shi kuwa baƙo ne ga maza kamar yadda yake ga mata.

3.6 Aikinta a Cikin Unguwa

An fi sanin Gambo da ɗauri da faɗa da hukuma, har wannan ya rufe ɗaya ɓangaren rayuwarta. Gidanta na Sabon Gari ya kasance matattarar mabukata. Ta riƙi 'ya'yan da ba ita ta haifa ba, ta ciyar da baƙi da marasa galihu, ta kula da masu taɓin hankali da ake gudu. Ta yi magana a kan aurar da ƙananan yara, da aikin tilas, da harajin da ya fi ƙarfin talaka, ta kuma matsa a sa 'ya'ya mata makaranta.

Idan aka jera waɗannan a gefe ɗaya, aka jera ayyukan ƙaramar hukuma a ɗaya gefen, wato makarantar firamare da ɗakin shan magani da kasuwa da kuɗin rumfa da rijiya da tsabtar gari, za a ga sun yi kama ƙwarai. A duk tsawon shekarun 1950 har zuwa faɗuwar Jamhuriya ta Farko a 1966, tana yin aikin da ake zaɓen kansila dominsa, da kuɗin aljihunta, alhali doka ba ta yarda ta jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Majalisun da ke yanke shawara a kan ungozoma da awon ciki da karatun 'ya'ya mata kuwa maza ne ke zaune a cikinsu, waɗanda al'ada ba ta bar su su shiga cikin gidan wani su ga halin da matan ke ciki ba. Wannan ita ce asarar da hana mata kujera ta jawo, kuma ta fi tsanani a ƙauyuka irin namu da ke nesa da babban asibiti.

Ba ita kaɗai ce ta yi irin wannan aiki ba. An kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna a 1963, inda mata irin su Hajiya Laila Dogonyaro suka bi hanyar lalama da taimakon jama'a. Bambancin shi ne su sun yi aiki kusa da gwamnati, ita kuwa tana gefen da ake kamawa.

3.7 Gyaran 1976 da Abin da Ya Biyo Baya

Abin mamaki, soja ne suka yi abin da 'yan siyasa suka ƙi yi. A zamanin Janar Yakubu Gowon aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, aka mayar da su ƙarƙashin gwamnati, wato aka kwance makaman da aka yi ta dukan 'yan adawa da su. A 1976 kuma, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, ta sa su a tsari iri ɗaya a duk ƙasa, ta raba su da majalisun sarakuna. A zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshen wannan shekara ne matan Arewa suka fara samun damar zaɓe da tsayawa takara. Tsarin mulki na 1979 ya tabbatar da wannan dama ga duk wanda ya kai shekara 18. A lura dai, kwamitin mutum 49 da ya rubuta daftarin wannan tsarin mulki babu mace ko ɗaya a cikinsa.

A lokacin Gambo tana da shekara 43, ta kuma shafe shekara 26 tana neman wannan abu. Fitinar da aka yi ta tsoro ba ta auku ba. Jam'iyyun da suka gaji waɗanda suka ce lokaci bai yi ba su ne suka koma suna aika motoci ƙauyuka a ɗebo mata ranar zaɓe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe a Giyawa ko Goronyo ya ga tsawon layin mata. Sai dai jefa ƙuri'a daban, hawa kujera daban, domin sunayen da ke kan takardar zaɓen kansila kusan kullum na maza ne, kuma a wurin fitar da ɗan takara a cikin jam'iyya ake yin wannan tankaɗe, galibi da dare, a zauren da mace ba ta zama.

A Jamhuriya ta Biyu Gambo ba ta bi Malam Aminu zuwa PRP ba. Ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba, har ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar na ƙasa. Ta rasu a Zariya a watan Oktoba na 2001. An sa sunanta ga babban asibitin Ƙofar Gayan da ke Zariya, da kuma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano, garin da aka taɓa korar ta daga cikinsa.